Yadda ake haɗa jirgin ƙasan wasa mai lantarki a gida

Kafin komai, ku duba taransifomar da ke cikin kwalin. Wadda aka kawo daga Amurka ta volt 120 ce, wutarmu kuwa 230 ce, da an soka ta a bango ba abin rage wuta sai ta ƙone. Ta Ingila ba ta da wannan matsalar.

Girman da ya fi dacewa da hannun yara shi ne HO: an rage jirgin gaske sau 87, tsakanin ƙarafan layin milimita 16.5. Na Ingila da ake kira OO yana hawa layi ɗaya da shi. Girman N, mai milimita 9, ya yi wa yaro ƙanƙanta. Idan akwai ɗan ƙasa da shekara uku a gidan, jirgin katako irin na Brio za a ba shi, don ƙananan sassa baki suke nufa.

Kada ku shimfiɗa layin a kan kafet ko darduma, zare yana naɗe ƙafafun kan jirgin. Ku samu allon katako ƙafa 4 da ƙafa 8. Lanƙwasassun sassan layi goma sha biyu masu lanƙwasar inci 18 su ne ke ba da da'ira. Ku ƙara miƙaƙƙu daidai wa daida a gefe biyu ta zama kamar ƙwai. A kowace mahaɗa, ku sa yaro ya shafa da yatsa. In ya ji tudu, ƙarfen ya hau kan maɗaurin da ke haɗa sassan biyu ne, bai shiga ciki ba, kuma nan tarago zai riƙa sauka. Kafe layin da ƙusa sai bayan jirgin ya zaga sau goma lafiya.

Taragu masu nauyi a sa su kusa da kan jirgin. In aka sa marasa nauyi a gaba, a kwana sai su kife ciki.

Babbar matsala ƙura ce, musamman da hunturu. Ta ƙarafan layin wuta ke shiga ƙafafun, shi ya sa datti kaɗan ke sa jirgi yana tafiya yana cijewa. Tsumma da ɗan sifirit ya isa, a goge layin da ƙafafun. Soson ƙarfe kam haramun ne a nan: maganaɗisun injin zai zuƙe ɓurɓushinsa. Mai kuma ɗigo ɗaya a bakin allura, don mai yawa ƙura yake tarawa. Da an gama wasa, a cire wuta, a lulluɓe allon da tsohon zani.