Ruwan Madara Iri Biyu: Wanne Za Ka Shafa a Ɗaki?

Katin kaloli na shagon fenti ba ya raba gardama. Kalar da ke jikinsa ba ta kai tafin hannu ba, hasken shago kuma daban yake da na ɗakinka. Ruwan madara iri biyu a kati kamar tagwaye suke, amma ɗaya ya karkata zuwa ruwan ɗorawa, ɗayan zuwa ruwan hoda. Ɗora su a kan farar takarda za ka gane inda kowanne ya karkata. Wannan 'yar karkatar ce ke mamaye ɗaki idan bango huɗu sun sha fenti.

Sayi kaɗan daga kowanne. Samo filawud ko kwali mai kauri guda biyu, santimita 60 a tsaye da kwance. Fara shafa musu farin fenti, sannan kowanne da kalarsa shafi biyu, ka bar awa 2 zuwa 4 tsakaninsu. Kada ka yanke hukunci tun yana jiƙe, fentin ruwa yakan ƙara duhu idan ya bushe. Kada kuma ka jera su a jikin bango. Tsohon fentin da ɗan'uwan da ke gefe duk suna ruɗar ido.

Jingina allon ɗaya bayan ɗaya a bangon da ke fuskantar taga, da kuma lungun da haske bai kai ba. Duba da hantsi, da bayan la'asar, da dare, kwana biyu. Tagar da ke kallon yamma tana ƙara wa mai ruwan ɗorawa zafi da la'asar. Da dare ƙwan lantarki ne alƙali: mai 6500K (lambar da ke nuna launin hasken ƙwan) fari ne tas, yana disashe ruwan madara, mai 2700K zuwa 3000K kuwa yana ƙara masa ɗorawa. Ƙwan da za ka zauna da shi za ka kunna.

Sai ka kusantar da allon ga tayil da labule. Wanda ya yi faɗa da tayil ya faɗi, don sauya fenti ya fi fasa tayil sauƙi. In har sun yi kunnen doki, ɗauki mai ɗan duhun, ya fi ɓoye ƙurar hunturu da hannun yara.

Lita 1 takan shafe kimanin murabba'in mita 10 a shafi ɗaya. Ɗaki mai mita 4 sau 4, tsayi mita 3, zai ci lita 9 zuwa 10 a shafi biyu. Sayi duka lokaci guda, in bokiti ya wuce ɗaya mai fenti ya juye su wuri ɗaya ya gauraya kafin ya ɗauki rola, in ba haka ba za a ga layi a tsakiyar bango.