Yadda na gyara gadon katako mai girgiɗi bayan ƙaura

Sukurun da aka ɗaura a bakin katako ba ya jure kwancewa da mayarwa. Ramin yakan buɗe, gado ya fara girgiɗi. Na cire duk sukurun gadon. A kowace kusurwa na huda ƙafar gadon har cikin katakon gefe, faɗin milimita 9, na zura bolti M8, wato mai kaurin milimita 8, mai tsawon milimita 120. Ta ciki na fafe rami na milimita 30 inda noti zai zauna.

Bolti ɗaya ba ya hana katakon juyawa, sai na ƙara turaku biyu masu kaurin milimita 10, sama da ƙasa. A shafa musu gam a gefe ɗaya kawai, in ba haka ba gadon ba zai sake kwantuwa ba. Da hunturu katako na tsukewa, a ƙara ɗaure noti.