Tsohuwar bindiga a gida: kurakuran da ake yi wajen rabuwa da ita

Gidaje da yawa a ƙasar Hausa ba sa rasa wata adaka ko bindigar toka da aka gada daga kaka mafarauci, ko mai baki biyu da tsohon ma'aikaci ya saya da lasisi tun zamanin En'e. Tana nan a bayan katifa ko a saman rumbu, ta yi tsatsa, gara ta ci ƙotar. Ranar da aka ce a rabu da ita, nan ne mutane ke jawo wa kansu abin da ba su shirya ba.

Babban kuskure shi ne cewa "ai ta mutu, ƙarfe ne kawai". Bindigar ɗuri tana iya shekara talatin da albarushi a cikinta, kuma muddin bai jiƙe ba, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Mafarauta da dama kan jingine ta a ɗure bayan sun dawo daga daji, mai ita ya rasu, ba wanda ya sani. Sai magaji ya ɗauko, ya kanne ido ɗaya ya leƙa bakin, ko ya ja kunamar don ya ji ko tana motsi, yara kuma sun kewaye shi suna kallo. Kada ka leƙa, kada ka taɓa kunama, kada ka buga ta da ƙasa don tsatsa ta zube. Ka juya bakinta inda babu mutum, ka kulle ta a ɗaki, harsashi ko albarushi kuma a wani wuri dabam mai sanyi, nesa da murhu.

A wajen doka ma ba ta mutu ba. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 tana lissafa ko da sashe ɗaya na bindiga a matsayin bindiga. Ta raba izini gida uku: makaman yaƙi sai da sahalewar Shugaban Ƙasa, irin su mai baki biyu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar ɗuri kuwa Kwamishinan 'yan sandan jiha. Lasisin mahaifinka nasa ne, ba a rabonsa a gado kamar gona. Dokar ta ba magada kwana 14 ne bayan rasuwar mai lasisi, daga nan sai a miƙa ta ga hukuma. Wata dokar ta 1984 kan fashi da makami ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba izini.

Sai masu sayar wa 'yan gwangwan a kilo, ko su kai wa maƙeri ya sassare ta ya yi fartanya. Idan da ɗuri a ciki, maƙeri na sa ta a wuta ta tashi. Idan kuma babu, bututun da kake gani shara ne, wani gyara shi zai yi, ya ƙare a hannun ɓarayin daji. In an kama ta ana bin sawu, sawun ƙofar gidanka zai kawo. Bayar da ita kyauta ga 'yan sintirin unguwa ma haka ne, duk kyawun niyyarka: doka ba ta yarda bindiga ta sauya hannu a tsakanin mutane ba tare da izini ba.

Jefawa a rijiya, masai ko kududdufi, da binnewa a gona, ɓoyewa ce kawai. Rani na yi ruwa ya ja baya, ko garma ta tono ta, yaro ya tsinta. Harsashi kuwa kada a kuskura a zuba a bolar da ake cinna wa wuta.

Akwai kuma mai niyyar kirki da ke naɗe ta a buhu, ya ɗaure a bayan babur ya nufi caji ofis. A shingen bincike wa zai tsaya jin bayaninka? Ka fara zuwa hannu rabbana, ka nemi ganin DPO, ka faɗi abin da ke gidanka da yadda ya zo hannunka. Ka riƙe tsohon lasisi in akwai, da takardar shaidar rasuwa. In babu lasisi ko kaɗan, a ganina kada ka je kai kaɗai: ka tafi da lauya, ko ka bi ta wajen mai unguwa ko hakimi su shaide ka. Yawanci su za su turo a ɗauka, ko su haɗa ka da ɗan sanda. Idan abin da ka tarar ya yi kama da gurneti, ko motsa shi kada ka yi, aikin masu kwance bam ne.

Tun 2021 akwai Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, ita ke tattara irin waɗannan tana lalatawa. A Nijar kuwa hukumar CNCCAI ce, wato hukumar tattara haramtattun makamai ta ƙasa, ko jandarma mafi kusa.

Kada ka baro ofishin da "mun gode" kawai. Ka karɓi takarda mai hatimi da sa hannu, wadda ta nuna irin bindigar, lambarta in tana da ita, yawan harsashi, kwanan wata da sunan jami'in da ya karɓa. Ka yi mata kwafi, ka ajiye tare da takardun gida.