Yadda Ake Neman Maganin Ciwon Daji Kyauta Daga Kamfanin da Ke Haɗa Shi

Sau da yawa kuɗin sabon maganin ciwon daji na wata guda kan fi ƙarfin iyali gaba ɗaya, har majinyaci ya fara tunanin rage ƙwayoyin da yake sha. Kafin a kai ga haka, ya kamata a san cewa manyan kamfanonin harhaɗa magunguna suna ba da maganinsu kyauta ga wanda ya cika sharuɗɗansu. A Amurka, AstraZeneca na da shirin AZ&Me, Eli Lilly na da Lilly Cares, Novartis da Genentech kuma kowannensu yana da gidauniyar tallafa wa majinyata. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, gidauniyar Max ce ke isar da Glivec, maganin wani nau'in sankarar jini, ta hannun likitocin da take aiki da su.

A fara da duba kwalin maganin domin gano kamfanin da ya yi shi, sannan a nemi fom a shafinsa na intanet, ko a shafin NeedyMeds wanda ya tattara irin waɗannan shirye-shirye wuri guda. Ba a biyan ko sisi wajen nema, don haka a guji duk wanda ya buƙaci kuɗi da sunan zai shige gaba.

Fom ɗin kashi biyu ne. Majinyaci zai rubuta adadin mutanen gidansa da kuɗin da ke shigo musu a shekara, ya haɗa da shaida kamar takardar haraji ko ta albashi, domin a Amurka yawanci ana auna cancanta ne da ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya, kuma kowane kamfani yana da tasa iyakar. Kada mai inshora ya ɗauka an rufe masa ƙofa: idan inshorar ta ƙi biyan maganin, takardar ƙin biyan tana ƙarfafa buƙatarsa, kuma shirye-shirye da dama na karɓar masu Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi da wasu naƙasassu.

Kashi na biyu na likita ne, kuma a nan ne aka fi samun tsaiko. Shi zai rubuta cutar, da maganin, da yadda za a sha, ya sa hannu. Fom da yawa kan kwana a kan tebur saboda rashin sa hannu ɗaya tak, alhali cutar ba ta jira. Shi ya sa nake ganin babu abin da ya kai neman jami'in jin daɗin majinyata na sashen ciwon daji muhimmanci, domin ya saba da waɗannan takardu kuma ya san inda suke maƙalewa. A ajiye kwafin duk abin da aka aika, a kira bayan 'yan kwanaki a tabbatar ya isa, a kuma tambaya ko akwai maganin wucin gadi da kamfanin ke bayarwa kafin ya yanke hukunci.

Idan aka ƙi amincewa, a nemi dalili a rubuce, a cike giɓin, a sake nema, musamman idan samun iyalin ya ragu tun da rashin lafiyar ta fara. Idan kuma aka amince, yawanci tallafin na wata 12 ne, ko zuwa ƙarshen Disamba ga masu Medicare, saboda haka a fara cike takardun sabuntawa tun da sauran wata biyu domin kada maganin ya yanke a tsakiyar jinya.