Yadda za ka gina jarumi mai laifi da ya samu gafara a labarin almara na yaran coci

Wannan rubutu na malaman makarantar Lahadi ne da iyaye da matasanmu na coci a nan Kano, masu sha'awar rubuta wa yara labarin almara, irin mai dodo da dabbobi masu magana da wata duniya daban, amma da bishara a cikinsa. Abu ɗaya nake so mu gyara, shi ne jarumin labarin. Sau da yawa yaron da muke sawa a gaba bai taɓa ƙarya ba, ba ya makara a sujada, ya haddace ayar mako, yana durƙusa wa kowa, tun daga farko har ƙarshe shi na kirki ne, sai a ajiye wani fitinanne a gefe ya yi ta ɓarna har ya gamu da gamonsa. Yara za su zauna su ji don malam ya ce a yi shiru, amma zuciyarsu ba ta wajen.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro ɗan shekara 9 ko 10 ya riga ya san kansa, ya san canjin da ya riƙe da aka aike shi shago, ya san kofin da ya fasa ya ce ƙanwarsa ce, kuma yana ɗauke da abin shi kaɗai ba wanda ya faɗa wa. In ka kawo masa jarumi marar aibi, ka kawo masa ɗan gidan wane ne, wanda kullum ake ce masa "kalli ɗan gidan wane", kuma ba yaron da ke son wannan ɗan. Amma in jarumin ya yi irin abin da shi ma ya yi, to fa kunnensa ya buɗe, don tambayar da ke ransa ita ce in aka gane me zai faru, za a kore ni ne ko har yanzu ana so na. Labarinka amsar wannan tambayar ce.

Littafi Mai Tsarki ma haka ya yi mana, bai rufe laifin kowa ba. Bitrus ya yi musun sanin Yesu sau uku, Yunusa ya shiga jirgi ya gudu, Yakubu ya yaudari mahaifinsa makaho. To mu me ya sa muke jin tsoron rubuta yaro mai laifi?

Fara da zaɓen laifin, kuma ka zaɓi daidai tsawon yaro. Ba kisan kai ba, ba fashi ba. Ƙarya, hassada, cin amana, rowa, tsoron da ke sa mutum ya bar abokinsa a cikin wahala. Sannan ka ba laifin dalili, wannan shi ne inda yawancinmu muke sauri mu wuce. Bari in ƙirƙiro misali mu yi ta aiki da shi: Ayuba, ɗan aji biyar a Sabon Gari, mamansa ta ba shi kuɗin baiko ran Lahadi, shi kuma duk sati abokansa suna sayen awara a bakin coci yana tsaye yana kallo, ran nan sai ya saya shi ma, da aka tambaya a gida ya ce ai Rifkatu ƙanwarsa ce ta yar da kuɗin, aka hukunta ta yana gani bai ce uffan ba. Ka ga mai karatu bai yarda da abin da Ayuba ya yi ba amma ya fahimci yadda aka yi, kuma wannan fahimtar ita ce igiyar da za ta riƙe shi har ƙarshen littafin.

Ka lura laifin ya faɗa kan mutum mai suna da fuska. Kar ka bar shi a iska, wai "ya yi zunubi". Wa ya yi kuka? Wa aka daka? Marubucin nan na Birtaniya C.S. Lewis, wanda ya fitar da littattafan yara guda 7 a kan wata duniyar almara mai suna Narnia tsakanin 1950 da 1956, ya gane wannan sosai. A na farkon, yaron nan Edmund ya ci amanar 'yan'uwansa saboda alewa da alkawarin sarauta da mayya ta yi masa, amma tun kafin nan ya yi abin da ya fi ci wa yara rai: ya shiga waccan duniyar da ƙafarsa, ya dawo, da ƙanwarsa Lucy ta ce ya shaida, sai ya ce ai wasa suke yi, ya bar ta tana kuka ana mata kallon maƙaryaciya. Duk yaron da ke da ƙani ko yaya ya san zafin wannan daga ɓangare ɗaya ko ɗayan.

Yanzu sai almarar ta shigo, kuma amfaninta shi ne ta fito da abin da ke ɓoye a zuciya ya zama ana gani da ido. Ba sai ka aro dusar ƙanƙara da fadojin Turawa ba, Kano cike take da ƙofofin shiga wata duniya. Ga tsohuwar ganuwa, ga Dutsen Dala, ga lungunan Kasuwar Kurmi da in ka shiga ba ka san ta inda za ka ɓulla ba, ga marinar Ƙofar Mata. A ce Ayuba ya leƙa wata tsohuwar karofi ya zame ya faɗa, ya buɗe ido a wata ƙasa da duk wanda ya ɗora wa wani laifi hannunsa ke rinewa da baba, kuma duk ƙaryar da ya ƙara sai shuɗin ya hau, daga yatsu zuwa gwiwar hannu. Shi kenan ka samu abin da yaro zai riƙa lissafawa da kansa, ba sai ka tsaya kana bayani ba.

Daga nan ka bar shi ya gwada gyara kansa, kuma ka bar shi ya kasa. Ya wanke da sabulu, ya goge da toka, ya sa riga mai dogon hannu a tsakiyar zafi don ya ɓoye, ya yi ta aikin kirki yana fatan shuɗin zai dishe. Wannan ɓangaren kar ka gajarta shi, nan ne bambancin labarin Kirista da labarin tarbiyya zalla yake. A labarin tarbiyya yaro ya yi ƙoƙari ya gyaru. A namu ceto daga waje yake zuwa, alheri ne, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta faɗa. Lewis ma a littafin da ya fito a 1952 ya sa wani yaro Eustace ya rikiɗe ya zama dodo saboda kwaɗayin dukiya, ya yi ta saɓule fatarsa da kansa yana samun wata a ƙasa, sai da zakin labarin ya zo ya yage ta, kuma da zafi. Ba cewa nake ka kwafi zaki ba, don Allah kar ka kwafa, nemo naka. Zai iya zama makiyayi, zai iya zama tsohon marini mai ƙasar, abin da dai ba zai canza ba shi ne gafarar ta ci wa mai yin ta wani abu. In tsohon ya kama hannun Ayuba ya wanke, shuɗin ya koma nasa hannun. Yaro ɗan shekara 8 zai gane ma'anar wannan tun kafin ya iya furta kalmar fansa.

Wajen haɗuwar mai laifi da mai gafara, rage magana. Mu malamai muna da son wa'azi, a nan ne hannu ke ƙaiƙayi a cika shafi uku da nasiha. Duba yadda Yahaya ya rubuta: Bitrus ya yi musun a bakin wutar gawayi (18:18), da Yesu ya tashi sai ga wutar gawayi kuma a bakin teku da kifi a kai (21:9), aka ci abinci tukuna, sannan tambaya ɗaya sau uku, kana ƙaunata? Ba a karanto masa jerin laifinsa ba. Kai ma yi haka, maido da wurin ko abin da aka yi laifin da shi, ka bar mai karatu ya haɗa da kansa.

Bayan gafara sai biya, kuma wannan ma ana yawan mantawa. Zakka da ya tuba a Luka 19 bai tsaya a kuka ba, ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ayuba dole ya dawo Sabon Gari ya tsaya gaban mamansa da babansa ya ce ni ne, ba Rifkatu ba, da bakinsa, kuma ya ɗauki abin da ya biyo baya. Rifkatu kuwa ba dole ta rungume shi a take ba. Bar ta ta yi fushi kwana biyu, haƙƙinta ne, kuma yaran da aka taɓa yi wa ƙazafi suna cikin masu karatunka, in ka sa ta yafe cikin layi ɗaya za su ji kamar an raina zafinsu. Bulus kansa ya ƙi tafiya da Markus bayan ya bar su a Bamfiliya, har suka rabu da Barnaba a kan maganar (Ayyukan Manzanni 15), sai can daga baya a 2 Timoti 4:11 muka ji yana cewa a zo da Markus don yana da amfani a gare shi. Amana a hankali take dawowa, rubuta ta haka.

Kusa da ƙarshe ka dawo masa da jarabar farko a sabuwar riga, don a ga ko tuban na gaske ne. Yahuza shi ya ba da shawarar a sayar da Yusufu a Farawa 37, shi ne kuma a sura 44 ya ce a riƙe shi bawa a saki Biliyaminu. Yanayi ɗaya, mutum ɗaya, zaɓi daban. Amma kar ka mai da jarumin mala'ika, bar masa halinsa, har yanzu yana da saurin fushi, har yanzu yana son awara, wani lokacin ƙarya ta zo bakinsa ya haɗiye ta da ƙyar. In ya zama marar aibi a shafin ƙarshe ka koma gidan jiya, ka sake haifo ɗan gidan wane.

Abu biyu da ya shafe mu a nan Kano musamman. Na farko, mugun labarinka kar ya yi kama da wata ƙabila ko maƙwabtanmu Musulmi, ko a suna ko a sutura ko a magana, yaranmu tare suke wasa da karatu, kuma ai muguntar da labarin ke yaƙa tana cikin zuciyar jarumin ne. Na biyu, wasu iyaye suna ɗar-ɗar da duk abin da ya yi kama da tsafi ko aljanu, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce, don haka kar jaruminka ya yi nasara ta hanyar laya ko surkulle, sannan kafin ka raba labarin ka kai wa fasto ko wata uwa a Zumuntar Mata su karanta su faɗa maka inda ya yi musu nauyi.

In ka gama, kar ka ruga wajen buga shi. Karanta wa yara biyar ko shida da baki, babi ɗaya a zama, kana kallon fuskarsu. Inda suka fara wasa da takalmi yanke wajen. Ka tsaya daidai inda Ayuba zai shiga gida ya faɗi gaskiya, ka rufe takardar ka tambaye su me suke ganin babansa zai yi, amsoshinsu ka rubuta su, da su za ka gyara babin ƙarshe kafin ka tura shi a guruf ɗin WhatsApp na iyaye.