Toyota RAV4 ko Honda CR-V: Abin Dubawa Kafin Ka Biya a Sakkwato

A Sakkwato zafi ne alƙalin mota. Je gwaji da azahar, ka kunna iyakwandishan, ka bar injin yana aiki a tsaye minti 20. In allurar zafi ta haura rabi, a binciki lagireto da fanka.

Sai giya. RAV4 'yar Amurka ta 2013 zuwa 2018 mai aiki da fetur kaɗai giya shida gare ta, irin wadda makanikanmu suka saba da ita. CR-V 'yar Amurka kuwa tun 2015 giyarta CVT ce, wato giya mai sarrafa kanta wadda ba ta da matakai: ga laushin tafiya, amma man giyar da ba nata ba yana kashe ta. Mai bin hanyar Illela ko Gusau kullum, RAV4 ta fi masa.

Leƙa ƙarƙashin motar don tsatsa da yoyon mai, kuma lambar shasi ta dace da takardar kwastam.