Yadda Ake Gwajin Gaggawa na Cututtukan Numfashi a Matsugunan Marasa Muhalli

Kafin a buɗe kwalin kayan gwaji, wajibi ne mai kula da matsuguni, ko gidan marasa galihu ne ko sansanin 'yan gudun hijira, ya tanadi ɗakin da wanda aka samu da cuta zai kwana, da wanda zai riƙa kai masa abinci, da asibitin da za a garzaya da shi idan numfashinsa ya tsananta. Muddin mazauna suka fahimci cewa sakamakon gwaji zai iya raba mutum da shimfiɗarsa, za su ɓoye tarinsu, kuma babu mai ganin laifinsu. Don haka a shaida musu tun farko cewa ba a korar kowa saboda rashin lafiya, kuma ba a gwada mutum sai da yardarsa.

Idan cuta ta ɓulla, kada a tsaya ga masu tari da zazzaɓi kaɗai. A watan Afrilun 2020 an gwada mutum 408 a wani babban matsuguni da ke Boston ta Amurka, aka samu 147 suna ɗauke da cutar korona, alhali mafi yawansu ba su da wata alama. Inda jama'a ke kwana kafaɗa da kafaɗa, ya kamata a gwada duk 'yan ɗakin tare da ma'aikatan wurin.

A yi gwajin hanci, na cututtuka irin su korona, a fili ko a ɗaki mai tagogi a buɗe, mai gwaji sanye da takunkumi da safar hannu. Bayan ya duba ranar ƙarewar wa'adin kayan, sai ya zura tsinken auduga a kafofin hanci biyu yana juyawa, ya tsoma shi a ruwan da ke cikin 'yar kwalbar, sannan ya ɗiga adadin ɗigon da takardar kamfanin ta faɗa a kan ɗan allon gwajin. Galibi ana karanta sakamako bayan minti 15, kuma abin da ya fito bayan minti 30 ba abin dogaro ba ne. Layuka biyu ne ke iya fitowa a allon, C da T. Layin C shi ne shaidar cewa gwajin ya yi aiki, in bai fito ba a sake. Layin T kuwa, komai dusashewarsa, yana nufin akwai cutar. Wanda yake da alamomi amma gwaji bai nuna komai ba, a keɓe shi, a maimaita bayan awa 48, domin irin wannan gwaji yakan kasa gano cutar a kwanakinta na farko.

Zafi yana lalata kayan nan. Yawancinsu ba a ajiye su sama da maki 30 a ma'aunin Celsius, ga shi kuwa a Maiduguri ko Sakkwato zafin bazara yakan haura 40, saboda haka ɗakin kwano ba wurin ajiyarsu ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne tarin fuka, domin gwajin hanci ba ya gano shi sam. Duk wanda ya yi mako biyu yana tari, musamman idan yana rama ko gumin dare, a karɓi majinar ƙirjinsa a mazubi mai murfi, da sassafe in da hali, a kai cibiyar da ke da na'urar GeneXpert. Cikin kimanin awa biyu na'urar take nuna cutar, har ma ta faɗi ko tana bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnatin Najeriya, amma shan maganin yakan ɗauki wata shida, kuma marar muhalli yana iya tashi kowace rana, don haka a haɗa shi da ma'aikacin lafiya guda da zai riƙa bibiyarsa.

A rubuta kowane sakamako a littafin da ba kowa ke buɗewa ba, a gaya wa mai shi a keɓe. Idan aka samu mutum biyu ko fiye da cutar daga ɗaki guda, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar.